Furotin ɗin Ƙashi da Tsirar Sababbin Jijiyoyin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya taɓa jinyar karaya ya san ranar da ake jira, ranar da za a ce ƙashi ya kama. Kafin wannan rana, makonni sun shuɗe ana wani aiki a ɓoye: siraran jijiyoyin jini suna tsirowa suna kutsawa cikin wurin da ya karye. Masu ba su umarnin tsirowa da na dakatawa, da yawansu wasu furotin ne da aka fara ganowa a cikin ƙashi, har aka raɗa musu sunansa.

Wane irin furotin ake nufi? Ashe ƙashi ba kalsiyam ba ne?

Kusan biyu bisa uku na nauyin ƙashi ma'adinai ne, kalsiyam da fosfet. Sauran ruwa ne da furotin. Cikin furotin ɗin, wajen kashi 90 cikin 100 kolajin ne, wanda yake wa ƙashi aikin da ramno yake wa ƙasar gini, ya hana shi tsagewa. Ɗan abin da ya rage shi ne ya ƙunshi masu aika saƙo: ostiyofontin, ostiyokalsin, da wani dangi da ake kira BMP a taƙaice, ma'anar sunan kuwa "furotin mai ƙera ƙashi". Su BMP sun kai wajen ashirin, ana bambance su da lamba: BMP2, BMP4, BMP7, BMP9, da sauransu. Yawancin abin da ke wannan shafi a kansu yake.

Yaya aka gano su?

Wani likitan ƙashi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Marshall Urist. A 1965 ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin bayani. Ya jiƙa gutsattsarin ƙashi cikin asid mai ruwa-ruwa har ma'adinan suka narke, ƙashin ya koma laushi. Sai ya dasa shi cikin tsokar zomaye da ɓeraye, nesa da kowane ƙashi. Bayan 'yan makonni ya buɗe ya tarar da sabon ƙashi a tsakiyar nama, har da ɓargo a ciki. Ke nan akwai wani abu cikin mataccen ƙashin da ke umartar nama ya zama ƙashi. A 1971 ya sa masa suna, amma kama shi ya gagara, saboda ƙanƙancin yawansa. Sai a 1988 John Wozney da abokan aikinsa a wani kamfanin bincike a jihar Massachusetts suka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera shi, bayan an niƙe tulin ƙasusuwan shanu.

A tsakanin nan, farkon shekarun 1970, Hari Reddi da Charles Huggins sun bi irin wannan dashe a jikin ɓera kwana bayan kwana. Cikin mako guda guringuntsi ke fara bayyana. Wajen kwana na tara jijiyoyin jini su huda shi su shiga. Sai bayan shigarsu ƙashi ya fara samuwa, ɓargo kuma ya biyo a mako na uku. Wannan jerin shi ne tushen duk zancen: ba a taɓa ganin ƙashin ya riga jinin zuwa ba.

To me ya sa jijiyoyin jini suke tsirowa tun asali?

Iskar oksijin ba ta iya ratsa nama da nisa. Daga jijiya, iyakarta kusan ɗaya zuwa biyu bisa goma na milimita. Duk ƙwayar halittar da ta fi haka nisa da jijiya tana cikin yunwar iska. Idan yunwar ta kama ta, wani furotin a cikinta mai suna HIF yakan taru, shi kuma ya sa ta saki VEGF, wanda shi ne babban mai kiran jijiyoyi. Gano yadda HIF ke aiki ne ya sa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza suka samu kyautar Nobel a 2019. VEGF kuwa, Harold Dvorak da abokansa sun fara cin karo da shi a 1983, Napoleone Ferrara ya tace shi a 1989.

Cikin kowace jijiya akwai wasu ƙwayoyi shimfiɗe kamar daɓen ɗaki, a nan za mu kira su ƙwayoyin shimfiɗa. Idan kiran VEGF ya iso, ɗaya daga cikinsu takan zama ja-gaba, ta miƙa 'yan yatsu tana laluben inda kiran ke fitowa. Na bayanta su riƙa rabuwa suna ƙara tsawo, suna buɗe rami a tsakiya. Wanda ya taɓa lura da yadda kabewa ke yaɗo ya ga kwatankwacinsa: kai yana lalube, jiki yana bi. In tsiro biyu suka haɗu sai su manne, jini ya fara gudana.

Ina BMP ya shigo cikin wannan?

Ta hanya biyu. Ta farko a kaikaice: BMP2 yana sa ƙwayoyin da ke gina ƙashi su saki VEGF, wato magini da kansa yake aikawa a jawo masa ruwa. An nuna haka a ɗakin gwaji tun farkon shekarun 2000, an kuma ga cewa in aka toshe VEGF, ƙashin da BMP ke haifarwa yakan ragu ƙwarai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu kai tsaye. A jikin ƙwayoyin shimfiɗa akwai makarɓan BMP, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. In BMP ya shiga kwaɗonsa, sai wasu 'yan aike a cikin ƙwayar, masu suna SMAD, su ɗauki saƙon zuwa cibiyarta inda ƙwayoyin gado suke. BMP2 da BMP4 da BMP6 sukan ce "tashi, yi tafiya, yi reshe". Wani bincike na 2011 a jikin wani ɗan kifi mai zane-zane, wanda ake ganin jijiyoyinsa ta fata yana tayi, ya nuna tsiron da ke fitowa daga babbar jijiya mai maido da jini umarnin BMP yake bi, alhali na jijiya mai kai jini VEGF yake saurara.

Ke nan duk BMP ƙara tsirar jijiya suke yi?

A'a, kuma nan ne zancen ya fi daɗi. BMP9 da BMP10 yawanci akasin haka suke yi. Hanta ce ke ƙera BMP9, zuciya ke ƙera BMP10, dukansu suna yawo cikin jinin kowane mai lafiya a koyaushe. Kwaɗonsu sunansa ALK1, kusan a jikin ƙwayoyin shimfiɗa kaɗai ake samunsa, yana da wani mataimaki mai suna endogilin. An daɗe da sanin ALK1 ba tare da an san mabuɗinsa ba, sai a 2007 masu bincike a Grenoble ta Faransa da wasu a Holan suka nuna cewa su BMP9 ne.

Saƙonsu shi ne "zauna, ka isa". Suna hana ƙwayoyin shimfiɗa rabuwa barkatai, suna taimakawa a kira ƙwayoyin da ke naɗe jijiya daga waje su ƙarfafa ta, suna kuma kiyaye iyaka tsakanin jijiya mai kai jini da mai maido da shi. Gudun jinin kansa yana ƙara wa ALK1 kaifin ji. Da zarar sabuwar jijiya ta buɗe jini ya fara shafar bangonta, sai saƙon dakatawa ya yi ƙarfi. Tsari ne mai kyau: ruwan da ya shiga sabuwar magudana shi ke sanar da masu haƙa cewa aiki ya ƙare.

Saboda haka duk tallar da ta ce "BMP na ƙara jini" ta yanke zance a tsakiya. Sai an tambaya: wane BMP, nawa ne yawansa, a wace jijiya? BMP9 ɗin ma, a wasu gwaje-gwajen, an ga ya ƙara tsiro maimakon ya rage.

Idan aikinsu ya wuce ƙashi, me ya sa ake kiran su na ƙashi?

An ce suna linzami ne, amma wannan linzamin ya ja mutane da yawa zuwa gurguwar fahimta. A ƙashi aka fara samunsu, shi ke nan. Ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ba shi da ƙashi ko ɗaya, amma yana da ɗan'uwan BMP2 da ke tsara masa fiffike, kuma da aka ɗauko nasa aka sa a jikin ɓera a 1993, sai da ya haifar da ƙashi. A cikin tayi, BMP ne ke sa fatar da ke tsakanin yatsu ta mutu yatsun su rabu. A ƙafar agwagwa wani furotin yana tare shi, shi ya sa tata fatar ta zauna. BMP6 kuwa, jijiyoyin hanta ne ke ƙera shi, yana daidaita yawan sinadarin ƙarfe a jiki. Wanda aka sa wa lamba ta ɗaya ma, BMP1, daga baya aka gane ba ɗan dangin ba ne sam.

Akwai cutar da ke nuna abin da ke faruwa in saƙon dakatawa ya lalace?

Akwai, ana kiran ta HHT, ko cutar Osler, Weber da Rendu, sunayen likitoci ukun da suka bayyana ta. Ta gado ce: in uwa ko uba na da ita, kowane ɗa yana iya gadonta ko ya tsira, rabi da rabi. An kiyasta tana samun mutum ɗaya cikin kusan 5,000. A 1994 aka gano lahani a ƙwayar gadon endogilin, a 1996 a ta ALK1, waɗannan biyun su ne mafi yawan masu cutar. An samu wasu 'yan kaɗan da lahanin yake a SMAD4, wasu kuma a BMP9 kansa.

A jikin mai HHT, jijiya mai kai jini takan haɗe kai tsaye da mai maido da shi, ba tare da siraran tsakiya ba. Mahaɗar takan kumbura, bangonta ba ƙwari. Alamar da aka fi gani ita ce haɓo mai yawan dawowa, sau da yawa tun daga ƙuruciya, da jajayen ɗigo-ɗigo a leɓe da harshe da kan yatsu. Irin wannan mahaɗa tana iya samuwa a huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, inda hatsarin ya fi girma. Tsibiran Kurasawo da Bonaire a yankin Karibiyan, inda akasarin jama'a jikokin 'yan Afirka ne, suna cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya, kuma ƙa'idojin gane ta na shekarar 2000 sunan Kurasawo suke ɗauke da shi.

Haɓon lokacin hunturu, da busasshiyar iska ke tsaga hanci, abu ne daban. Amma gidan da kaka da uba da ɗa duk suna fama da haɓo, ga ƙarancin jini da ya ƙi ƙarewa, ya kamata a gaya wa likita tarihin gidan gaba ɗaya.

Huhu fa? An ce akwai wani hawan jini da ke da alaƙa da BMP.

Hawan jinin jijiyoyin huhu ke nan, ba wanda ake aunawa a dantse ba. Ƙananan jijiyoyin huhu ne bangonsu ke yin kauri har hanya ta ƙuntata, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. A shekarar 2000 ƙungiyoyin bincike biyu suka gano cewa a iyalan da ke gadon cutar, lahanin yana wani makarɓin BMP mai suna BMPR2. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu nau'in gado suna da shi. Amma ba duk mai lahanin ke kamuwa ba, wajen ɗaya ne cikin biyar, kuma mata sun fi maza nesa ba kusa ba.

Wannan ilimi ya haifar da magani. A watan Maris na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sotatercept, allurar da ke kama wasu 'yan uwan BMP masu ingiza kaurin bango, don ma'auni ya daidaita. A babban gwajinsa, waɗanda suka karɓa sun ƙara kusan mita 40 a tafiyar minti shida. Cikin illolinsa akwai haɓo da jajayen ɗigo a fata, wato alamun HHT, wanda ke nuna cewa igiya ɗaya ake ja. A Afirka dai abubuwan da suka fi kawo hawan jinin huhu sun haɗa da ciwon zuciya, sikila, ƙanjamau da tsargiya mai kama hanta.

Ana iya amfani da wannan a yaƙi ciwon daji?

Judah Folkman ya faɗa a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya jawo wa kansa jijiyoyi. Daga wannan tunani aka samu maganin bevacizumab, mai toshe VEGF, a 2004. An gwada toshe hanyar ALK1 da wani magani mai suna dalantercept a ciwon dajin ƙoda, bai ƙara wa marasa lafiya komai ba, aka dakatar da shi a 2017. Ostiyofontin, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin shimfiɗa su manne su yi tafiya, yakan yi yawa a jinin masu nau'o'in ciwon daji da dama, musamman in ya bazu.

A koma kan karaya. Me ke faruwa daga ranar da ƙashi ya karye?

Jijiyoyin wurin sukan tsinke, jini ya taru ya daskare tsakanin ɓangarorin. Wannan gudan jinin yana cike da VEGF da sauran masu kira. Bakin ƙashin da jini ya daina kaiwa yakan mutu kaɗan. BMP2 yakan tashi tun kwanakin farko, ya farkar da ƙwayoyin da ke kwance a fatar da ta lulluɓe ƙashi. Ɓerayen da aka cire wa BMP2 a ƙafafu, ƙashinsu yakan ginu, amma in ya karye ba ya ko fara warkewa.

Cikin mako biyu zuwa uku sai dunƙulen guringuntsi ya ɗinke wurin. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, shi ya sa raunin guringuntsin gwiwa ke daɗewa. Ƙwayoyinsa sukan kumbura su saki VEGF, jijiyoyi su huda su shiga, tare da su masu rushe guringuntsin da masu gina ƙashi. Haka ƙashin yaro ke ƙara tsawo ma. A 1999 an toshe VEGF a jikin 'yan ɓeraye, jijiyoyi suka daina shiga farantin girma, wato guringuntsin da ke kusa da ƙarshen ƙashi inda yake ƙara tsawo, ƙashi ya tsaya. Da aka janye maganin ya ci gaba. A 2014 kuma ɗakin binciken Ralf Adams a Münster ta Jamus ya bayyana wani nau'in jijiya na musamman kusa da wannan faranti, wanda ƙwayoyin gina ƙashi ke taruwa kewaye da shi, kuma yana raguwa da tsufa.

Me ya sa wasu karayoyin ke ƙin kamawa?

Sau da yawa amsar jini ce. Ƙasusuwan da suka yi suna wajen taurin kai su ne masu ƙarancin jijiya: wuyan ƙashin cinya, wani ƙaramin ƙashi a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, da ƙasan ƙwauri inda fata ce kawai a kan ƙashi, wurin da haɗarin babur ya fi samu. Taba sigari tana matse jijiyoyi, ciwon suga da ba a kula da shi ba yana lalata su, ƙwayoyin cuta a buɗaɗɗen rauni suna cinye sabon tsiro. Motsi mai yawa a wurin karaya yana tsinka jijiyoyin da suka fara ƙetarawa.

Masu sikila sun san wani ɓangaren wannan ko ba karaya. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini sukan toshe jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotse, matashi ya fara ɗingishi da ciwon ƙugu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, kimanin 150,000 a shekara, don haka wannan matsala ba baƙuwa ba ce a asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano.

Ana sayar da BMP a matsayin magani?

Ana yi, amma likitan tiyata ne ke sa shi a lokacin aiki, jiƙe a soson kolajin. Amurka ta amince da BMP2 a 2002 don haɗe ƙasusuwan gadon baya na ƙasa, a 2004 kuma don buɗaɗɗiyar karayar ƙwauri. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Abin da ake zubawa ya ninka wanda jiki ya saba da shi sau dubbai, yana iya kawo kumburi mai tsanani da tsirar ƙashi inda ba a so. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi bayan an samu waɗanda aka sa musu shi a wuya kumburi ya toshe musu numfashi. A 2011 wata mujallar likitocin gadon baya ta ware fitowa guda tana nuna cewa rahotannin farko sun rage yawan illolin. Ga tsada kuma, dubban daloli. Har yanzu ɗebo ƙashi daga ƙugun majiyyacin kansa a dasa a wurin shi ne abin da ake gwada sauran hanyoyi da shi.

Romon ƙashi ko farfesun ƙafar saniya zai ba ni BMP?

Ba zai ba ka ba. Wuta na lalata siffar furotin, ciki kuma ya daddatsa shi kamar kowane nama. Ka sha don daɗi da gina jiki. Jikinka ne ke ƙera nasa BMP a inda yake buƙata. Abin da yake nema daga kwano shi ne isasshen furotin kamar wake, ƙwai, kifi da nono, da kalsiyam, da bitamin C don ɗinkin kolajin, sai hasken rana don bitamin D.

Mai ɗori ya ce sai an ɗaure tamau ƙashi zai kama. Haka ne?

Rabin maganarsa daidai ne: karaya na son a hana ta motsi. Amma gaɓar da ta karye takan kumbura a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma in karare da tsumma sun zagaye ta tamau, kumburin ba shi da mafita sai ya danne jijiyoyi. Duk abin da aka bayyana a sama, BMP da VEGF da tsiron jijiya, ba ɗayansu da ke aiki a gaɓar da jini ba ya shiga. Tsoka ba ta jure wa rashin jini fiye da kusan awa shida. Likitocin ƙashi a Najeriya sun sha rubutawa cewa ruɓewar gaɓa bayan matsattsen ɗori na cikin manyan dalilan yanke hannu da ƙafa, musamman ga yara. Filastar asibiti ma tana iya yin haka in ta matse.

Alamun da za a duba: ciwo mai ƙaruwa wanda magani ba ya kwantar da shi, azaba in an miƙe yatsu, yatsu su yi sanyi ko su canza launi, mutuwar jiki ko jin kamar ana tsira allura, ƙuraje masu ruwa a bakin ɗaurin. In an ga ko ɗaya, a sassauta ɗaurin nan take a kai majiyyaci asibiti, ko da tsakar dare ne.